Akwatin Jamusawan Fensilbaniya: yadda ake gane na asali da yadda ake riƙe shi

Tambaya: Ina zaune a Amurka. A wajen gwanjon kayan wani gida na ga babban akwatin katako mai shuɗin fenti, da zanen furanni a gaba, da sunan mace, da shekarar 1794. Dillalin ya ce aikin Jamusawan da suka zauna a Fensilbaniya ne tun zamanin mulkin Ingila. Yaya zan gane ko gaskiya ya faɗa? In na saya, yaya zan gyara shi? Ina da niyyar wata rana in kai shi gida Kano.

Amsa: Malam, shekarar nan da ka gani a gaban akwatin ita ce abu na ƙarshe da za ka gaskata. Rubuta 1794 aikin minti goma ne ga duk mai buroshi. Abin da mai jabu ke shan wuyar kwaikwaya shi ne abin da shekara ɗari biyu ta yi wa katako da ƙarfe da fenti, don haka daga baya da ƙarƙashi ake fara dubawa, gaban ya zo daga ƙarshe. Kuma tun kafin a je ko'ina, maganar dillalin tana da gyara: Amurka ta shelanta 'yancinta a 1776, yaƙin ya ƙare a 1783, ka ga akwatin 1794 bai riski mulkin Ingila ba. Wannan ba aibu ba ne. Mafi yawan akwatunan fenti da suka rage an yi su ne tsakanin wajen 1770 da 1820, dillalai kuma sun saba kiran duk wani tsohon kaya na zamanin mulkin mallaka saboda kalmar tana ƙara kuɗi.

Mutanen da ake magana a kansu sun fara isa Fensilbaniya a 1683, lokacin da iyalai 13 daga garin Krefeld suka kafa Germantown kusa da Filadelfiya ƙarƙashin jagorancin Francis Daniel Pastorius. Daga baya aka yi ta kwarara daga yankin Pfalz na kogin Rhine, da Suwizalan, da Alsace, har zuwa 1790 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen jihar asalinsu na masu jin Jamusanci ne. Manoma ne, gidajensu ba su da ma'ajiyar tufafi a jikin bango, saboda haka akwati da babban kabad da suke kira schrank su ne ma'adanar gida. Akwatin yana cikin kayan da iyaye ke tara wa ɗa kafin ya kafa gidansa, kusan yadda ake tara kayan ɗaki, sai dai su maza da mata duka ake yi wa, kuma sau da yawa tun suna samari da 'yan mata ake ba su. Sunan da ke gaba na mai akwatin ne, ba na kafinta ba.

To, ɗauki tocila ka zagaya baya. Girman da aka saba shi ne tsawon santimita 120 zuwa 130, faɗi wajen 55 zuwa 60. Kowane gefe yawanci falle ɗaya ne na katako mai faɗi, domin a lokacin manyan itatuwa ba su ƙare ba. In ka ga an jera siraran katakai huɗu ko biyar an manne don a sami faɗin gefe guda, fara shakka. Itacen da ake wa fenti mai taushi ne, fofla ko fayin. Fofla tana da launin kore-kore a tsakiyarta wanda tsufa ke mayarwa ruwan ƙasa. Walnat, itacen mai duhu mai tsada, ba a cika rufe shi da fenti ba, goge shi ake yi a bar shi ya nuna kansa.

Kusurwoyin akwatin haɗin haƙora ne, wanda Ingilishi ke kwatantawa da wutsiyar kurciya, Jamusawa kuma da wutsiyar tsattsewa. Nan ne hannun Bajamushe ya fi fitowa. Dubi kan kowane haƙori da kyau: za ka iya ganin ɗan siririn layi a tsakiyarsa, inda kafinta ya tsaga shi ya buga ɗan wejin katako don haƙorin ya buɗe ya cika gurbinsa tam. Kafintocin Ingila da ke makwabtaka da su ba su saba da wannan ba. Rashinsa ba ya kore akwati, amma samunsa shaida ce mai nauyi, domin masu jabu ba su cika ɓata lokaci a kansa ba. Haƙoran hannu ba sa zuwa daidai wa daida. Wani ya fi wani faɗi, kuma akwai siririn layin da aka ja da wuƙa don a san inda zarto zai tsaya. Haƙoran da suka yi kai ɗaya kamar an buga da hatimi aikin inji ne, na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa sama. Alama ta biyu ita ce ƙusar katako. Bajamushe ya fi son ya kafa gindin akwati, da gindin durowa, da gyaran bakin murfi da 'yan turakun katako maimakon ƙarfe. Turakun an fere su ne da wuƙa, ba su cika zagaye ba, kuma yanzu za ka ji sun ɗan ɗago in ka shafa, saboda katakon da ke kewaye da su ya motse ya bar su.

Wannan motsewar ita ce babbar shaidar shekaru, kuma dalilinta ya kamata ka riƙe shi, domin shi zai dawo a maganar Kano. Katako yana motsewa ta faɗinsa, ba ya motsewa ta tsawonsa. Murfin akwati falle ne mai faɗi, an kama bakinsa biyu da sanduna da suka gitta shi. Fallen ya motse, sandunan ba su motse ba, sai ka ga ƙarshen sandan ya zarce bakin murfin da milimita biyu ko uku, ko kuma murfin ya tsage daga gefe saboda an hana shi tafiya. Murfin da komai nasa ya zauna cif, babu zarcewa babu tsaga, ko dai sabo ne ko an taɓa shi.

Sai sawun kayan aiki. Kwantar da hasken tocila a jikin katakon baya ko na gindi, kada ka haska shi kai tsaye. Fallen da aka fere da hannu yana da 'yan kwaruruka masu faɗi marasa zurfi, yatsa ma yana jin su. Zarton injin ruwa na wancan zamani yana barin layuka miƙaƙƙu a jere. Layuka masu lanƙwasa kamar baka na zarto mai zagaye ne, wanda bai yaɗu a Amurka ba sai bayan 1830. Sawun baka a fallen da aka ce na 1794 ne yana nufin fallen baƙo ne a wurin, ko akwatin duka ƙarya ne. Launi ma yana magana. Katakon da ba a shafa wa komai ba yana yin duhu da iska: ƙarƙashin gindi ya fi cikin akwati duhu, kuma duhun ba ya tsayawa da iyaka mai kaifi. Mai jabu yana shafa ruwan launi, sai ka ga ɗigo, ko sawun tsumma, ko wani lungu da hannunsa bai kai ba ya rage fari.

Ƙarafan aikin maƙeri ne. Hinjin dogaye ne, suna kwance a cikin murfi, bakinsu sau da yawa an buga shi kamar fure ko zuciya, kuma da sawun guduma a jiki. Ɗaga kai ka duba ko akwai tsofaffin ramuka a kusa da su waɗanda babu komai a ciki. Wannan yana nuna an canza hinji, ko an ɗauko murfin daga wani akwati. Ƙusar maƙeri tana da jiki mai kusurwa huɗu da kai mai fuska-fuska. Ƙusar da inji ke yankawa daga fallen ƙarfe ta fara shigowa daga shekarun 1790, ƙusa mai zagayen jiki irin wadda muka sani yau kuwa sai wajen 1880 zuwa 1890. Sukuru mai tsinin baki na bayan 1846 ne. Na kafin wannan lokacin bakinsa a datse yake, tsagar kansa kuma ba ta cika faɗawa tsakiya ba. Ƙarfen da ya daɗe a wurinsa yana barin baƙin zobe a katakon da ke kewaye da shi. Tsohuwar ƙusa a cikin katako mai tsabta fes, an dasa ta ne jiya.

Hattara da makullin. Irin nasu yana da muƙamuƙi biyu masu sifirin da ke cafke wani ƙarfe mai kan mashi a jikin murfi, shi ya sa ake kwatanta shi da ƙaguwa. Da murfi ya faɗa ya kulle kansa. Kada ka rufe sai ka tabbata mabuɗin yana hannunka kuma yana aiki. Akwatuna da yawa da ka ga an fasa bakinsu, wannan ne sanadi. In akwai yara a gida, a kwance ƙarfen murfin a ajiye shi cikin ambulan, domin yaro na iya shiga ya kulle kansa. A ciki, yawanci ta hagu, akwai ɗan ƙaramin aljihu mai nasa murfin, wanda ke juyawa a kan 'yan ƙahonin da aka fere daga jikinsa. Gwada ɗaga allon gabansa a hankali, wani lokaci akwai ɓoyayyar durowa a ƙasa. In ka tarar da takarda mai zane da rubutun Jamusanci manne a cikin murfi, kamar shaidar haihuwa da baftisma, kada ka ɓamɓare ta.

Ƙafafu su ne aka fi canzawa, domin su suka sha damshin ƙasa da jan da ake yi. Sabbin ƙafafu suna rage kuɗi amma ba sa kashe akwati. Abin da ke kashe shi shi ne fenti.

Yaudarar da ta fi yawa ba sabon akwati ba ce. Tsohon akwati ne na gaske, wanda asalinsa fenti ɗaya ne ja ko shuɗi babu ado, wani ya zo a ƙarni na 20 ya zana masa furanni da suna da shekara. Duk abin da na lissafa a sama zai ci jarrabawa, katako da ƙusa da hinji, saboda duk na asali ne. Don haka fentin yana buƙatar nasa binciken daban. Masu zanen wancan zamani ba sa farawa da buroshi; suna fara jan tsarin da kamfas da wuƙa a jikin katako, kuma da kwantaccen haske za ka ga layukan da ɗan ramin ƙafar kamfas a ƙarƙashin fenti. Sannan ka nemi tsaga ko lotsawa a gaban akwatin ka duba da gilashin ƙara girma. In tsagar ta raba fentin biyu, cikinta babu launi, fentin ya riga tsagar. In launi ya gangara cikin tsagar, ko ya hau kan wurin da ya riga ya goge, fentin ya zo daga baya. Gogewar ma tana da hankali: saman murfi ya fi ko'ina cinyewa domin a kai ake zama, sai kewayen ramin mabuɗi, sai bakin da hannu ke kamawa. Akwatin da murfinsa ke sheƙi da zane amma an kankare wani lungun da hannu ba ya zuwa, samfefa ce ta yi aikin.

Launukan da suke da su ƙalilan ne: shuɗin Furusiya da aka gano a Balin a farkon ƙarni na 18, da jan dalma, da farar dalma, da jar ƙasa da rawayar ƙasa, da koren tagulla, da baƙin hayaƙin fitila, yawanci a dama da man linsid. Rawaya mai haske ta kurom ba ta shigo ba sai wajen 1815 zuwa 1820, farin titaniyom kuwa sai wajen 1920. Masu adana kayan tarihi suna da na'urar da ke karanta sinadaran fenti ba tare da an kankare komai ba; in ta ga titaniyom a cikin furen da aka ce na 1794 ne, magana ta ƙare. Fitilar ultrabayolet mai arha ma tana taimakawa a ɗaki mai duhu: tsohon banish yana ba da haske kore-kore, sabon faci yana fitowa baƙi-baƙi. In kuɗin da ake nema mai yawa ne, kuɗin gwajin bai kai asarar ba.

Rubutun da salon zanen su ma a duba. Sunan mace a Jamusancin lokacin yakan ɗauki ƙarin "in" a ƙarshen sunan gidansu, ka ga Miller ta zama Millerin. Harafin N a juye, ko lamba 1 mai kama da J, abu ne da ake gani a na asali. Kowane yanki da hannunsa: gundumar Berks ta Fensilbaniya an san ta da zanen baƙin doki mai ƙaho ɗaya da mahaya; a garin Jonestown na jihar, Christian Selzer da Johannes Rank suna zana tulun furanni cikin allo mai baka, kuma sukan karce sunansu da shekara a jikin tulun tun fenti bai bushe ba, Johannes Spitler yana can kwarin Shenandoah a Bajiniya, inda wasu daga cikin mutanen suka gangara. In dillali ya ambaci ɗaya daga cikin waɗannan sunaye, ƙara tsananta bincike, domin su aka fi kwaikwaya. Kuma ba duk kayan Jamusawan ƙaura ne na Fensilbaniya ba: waɗanda suka kafa New Braunfels a Tekzas a 1845, da na kwarin Barossa a Ostireliya a shekarun 1840, sun zo da salon da ya fi sauƙin ado, da itatuwan wurarensu.

Idan a gwanjon ka ci karo da kayan walnat mai rubutu fari-fari ko rawaya-rawaya a cikin jikin katakon, wannan wani abu ne daban, kuma ya fi ƙaranci. Farar wuta ce. Kafinta yana sassaƙa kwari a katako, ya narka farar wuta, wadda ke narkewa a wajen digiri 115 na ma'aunin Selsiyus, ya zuba, in ta daskare ya kankare ta yi daidai da fuskar katakon. In zafin ya wuce digiri 160 sai ta yi kauri kamar ƙaro ta ƙi gudu, don haka aikin na mai haƙuri ne. An daɗe ana zaton kaki ne da farar dalma kafin gwaji ya nuna gaskiya. Alamarta 'yan ƙananan ramukan kumfa. Gundumar Lancaster ta Fensilbaniya ce cibiyar wannan aikin. Babban kabad na Emanuel da Mary Herr na 1768 yana gidan tarihi na Winterthur, na Georg Huber na 1779 kuma yana gidan tarihin fasaha na Filadelfiya. Irin wannan kabad ya haura mita biyu, kuma an yi shi ne don a kwance: a cire ƙofofi, a zare wejin da ke sama, a sauke rawanin, sannan baya da gefuna. Wanda ya sa masa gam ya cuce shi.

Yanzu maganar gyara, inda ake neman gira a rasa ido. Darajar akwatin nan tana cikin fatarsa ta asali, da dattinta da gogewarta. Wanda ya kankare ya sake fenti ya mayar da kayan tarihi akwatin ajiye barguna. Kada samfefa ta taɓa shi, ba don daraja kaɗai ba: farin da jan da ke jikinsa dalma ce, ƙurarta kuma guba ce, irin gubar dalmar da ta hallaka yara a Zamfara a 2010. Kada ka shafa masa kananzir, ko man girki, ko man linsid, ko feshin goge kujeru. Mai yana shiga fenti ya yi duhu da shekaru kuma ba ya fita. Feshin yana barin silikon da ke hana duk wani gyara na gaba kamawa. Ƙura ana ɗauke ta da buroshi mai laushi, ana kaɗa ta zuwa bakin injin zuƙe ƙura da aka rufe da yadi mai raga don kada ya haɗiye ɓarɓashin fenti. Inda fenti ke ɗagowa kamar ɓawo, ko buroshin kada ya je. Wannan aikin ƙwararren mai adanawa ne. Kakin goge katako na walnat ne mai lafiyayyen banish, siriri, sau ɗaya a shekara ma ya yi yawa.

Ƙafar da ta saki ko sandan da ya ɓalle za ka iya mayarwa da kanka, amma da gam ɗin fata, irin wanda aka yi aikin da shi tun farko. Jiƙa awo ɗaya na ƙwayoyinsa a ruwan sanyi kusan awo biyu har ya kumbura, ka ɗora kwanon cikin wani kwano mai ruwan zafi ya kai digiri 60 na Selsiyus. Kada ya tafasa, tafasa tana kashe ƙarfinsa. Goge tsohon gam da tsumma mai ɗumi, ka gwada haɗin a bushe tukuna, domin da ka shafa minti ɗaya zuwa biyu kawai gare ka kafin ya fara kamawa. Matse da abin matsewa da ka sa wa ƙyalle, ka bar shi kwana guda. Amfaninsa shi ne ɗumi da damshi suna sake shi, wani zai iya warwarewa bayan shekara hamsin. Farin gam na kanti da efoksi ba sa warwaruwa sai sun tafi da naman katako. Tsagar murfi kuwa a bar ta. In ka cike ta da abu mai tauri, ranar da katakon ya sha damshi ya kumbura zai nemi wata hanyar ya sake tsagewa.

Ramukan ƙwaro na milimita ɗaya zuwa biyu ba abin tsoro ba ne in tsofaffi ne. Shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashi na mako biyu ko uku. In ka ga sabon gari mai haske ya zubo, ƙwaron na nan da rai. Maganin da ya fi dacewa da kayan fenti shi ne a rufe shi cikin jaka a cire iskar oksijin na wajen mako uku zuwa huɗu. Feshin maganin ƙwari ba ya kai wa tsutsar da ke can ciki, yana kuma ɓata fenti.

Kai shi Kano, a ganina, shi ne haɗarin da ya fi duka. Akwatin yana son damshin iska na kashi 40 zuwa 55 cikin 100, ba tare da hawa da sauka ba. Ko a nan Amurka, na'urar ɗumama ɗaki tana iya saukar da shi zuwa kashi 20 a lokacin sanyi, shi ya sa ba a ajiye shi kusa da ita ko inda rana ke bugawa. A Kano hunturu yana saukar da damshi ƙasa da kashi 20, damina ta ɗaga shi sama da 70, kowace shekara. Fallen fofla mai faɗin santimita 55 da ya tashi daga kashi 50 zuwa 20 zai motse fiye da rabin santimita. Katakon zai tafi, tsohon fentin da ya riga ya bushe ƙayau ba zai iya binsa ba, sai ya tattare ya ɓare. In dole sai ya je, a naɗe shi da takarda marar asid da barguna, a sa shi cikin akwatin katako mai rufin leda, kada ledar ta taɓa fentin. Ya isa da ƙarshen damina, a bar shi a naɗe mako biyu ko uku a ɗakin da zai zauna kafin a buɗe. Ɗakin ya zama na tsakiyar gida, a rataye ma'aunin damshi a bango, a kunna na'urar ƙara damshi daga Nuwamba zuwa Maris, a kuma ɗora ƙafafunsa a kan bulo ko farantin ƙarfe nesa da bango saboda gara.